Sunan Ɗan Fari

Shekara goma sha takwas Inna Mero ta yi tana kallon ɗanta na fari yana girma, amma ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. A Hillar Gawo, wani ƙauyen Hausawa da ke yamma da Managil a ƙasar Sudan, a bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, wannan ba abin mamaki ba ne. Kakanni sun taso daga Sakkwato da ƙafa, sun yar da kaya masu yawa a hanya, amma kunyar ɗan fari sun riƙo ta gam har bakin Nilu. Yaran yanzu, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, dariya abin yake ba su. Kuma duk cikinsu ba wadda ta kai Ramla, ƙanwar yaron, mai shekara goma sha biyar da baki kamar reza.

"Inna, wa ya kawo albasag ga?"

"Yayanki."

"Wane yayan nawa?"

"Goma gare ki? Tashi ki ba ni wuri, marar kunya!"

Sai Ramla ta sheƙe da dariya ta kauce wa muciya. Sunansa Muzammil. Kowa a ƙauyen yana faɗa, har yaran da ba su gama yaye ba, ban da matar da ta haife shi. In dole ta yi zancensa sai ta ce "yayan Ramla", ta sunkuyar da kai kamar ta yi laifi.

Ranar wata Talata, dawa ta nuna ana shirin yanka, Muzammil ya ce Ramla ta raka shi hawasha, gonar da mahaifinsu marigayi Alhasan ya bar musu. Tun a ƙofar gida ta ga abin da bai yi mata ba. Karensu, wanda ba ya rabuwa da ƙafar Muzammil, ya shige ƙarƙashin gado yana kuka. Jakinsu ma ya ƙi yarda Muzammil ya taɓa shi, dole suka tafi a ƙasa. Da suka shiga tsakiyar dawa inda ba mai ganinsu, sai ya zaro hannuwansa daga aljihu ya nuna mata. Faratan sun yi kauri sun yi baƙi, wani gashi mai kaushi ya tsiro har wuyan hannu.

"Kak ki yi ihu," in ji shi. "Saurara, lokaci na ƙure mani."

Ya gaya mata abin da ya ji tun yana ƙarami daga bakin Bappa Audi, yayan mahaifinsu, wata rana ana ɓarar gyaɗa. A zuriyarsu, can ba a rasa ba, akan haifi namiji da ke rikiɗa ya zama kura idan ya kai ƙarfi. Rikiɗar farko kwana uku take yi. Idan aka tsaya a gabansa aka kira shi da sunansa na yanka kafin rana ta uku ta faɗi, zai dawo mutum, abin kuma ya rabu da shi har abada. Idan rana ta riga ta faɗi, shi ke nan, daji ya samu. A lokacin ya ɗauka tatsuniya ce, bai ma saurara da kyau ba, hankalinsa yana kan gyaɗar da yake ɓoyewa a aljihu.

"Wani na jinina za shi kira ni, haka nika tunawa. Ke ce jinina. Ki rantse ba ki hwaɗa ma Inna."

"Yaya, mu je wurin Bappa..."

"In Bappa ya ji, Inna ta ji. Kin san hawan jininta. Kuma in ta gan ni haka, da wane ido zan sake kallon ta? Rantse, Ramla!"

Ta rantse da Allah. Bakinta bai gama rufewa ba ya faɗi ƙasa yana birgima. Ta ji ƙasusuwansa suna ƙara kamar ana karya kara. Riga ta yage ta baya, kafaɗu suka taso, fuska ta miƙe gaba, wani wari mai tayar da zuciya ya cika wurin. Abin da ya miƙe a gabanta ya kusa kai ɗan maraƙi, ga dabbare-dabbare, ga haƙora. Kunnen hagu kaɗai ta gane, mai tsagar da ya samu ranar da ya faɗo daga kan tarakta. Nan ne ya kamata ta kira sunan, ko don ta ga bai yi aiki ba tun da wuri. Ina! Ƙafa ta ba ta shawara, ta bi. Ba ta tsaya ba sai a bakin tur'a, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan Allah kaɗai ya san inda ya faɗi.

Da ta isa gida Inna Mero tana gasa kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri irin ta ƙasar.

"Ina yayanki?"

"Ya bi motar albasa zuwa Managil. Ya ce sai Alhamis."

"Ba ko sallama?" Ta juya kisrar. "To, Allah shi tsare."

Ƙaryar ta fito sumul, har ita Ramla ta yi mamakin kanta.

Washegari da hantsi ta ɗauki ƙwaryar fura kamar mai kai wa ma'aikata, ta koma gona. Ta bi sawu har zuwa wani babban bututun siminti da ruwa ke bi ta ƙarƙashin hanya, wanda ya bushe tun da aka rufe ruwan wannan ɓangaren. Idanu biyu suna ƙyalli a ciki. Ta ajiye ƙwaryar, ta gyara tsayuwa.

"Muzammil!"

Shiru. Ta sake, ta kuma sakewa da ƙarfi. A na ukun sai ya fito a guje kamar an harbo shi. Ramla ta juya ta ruga cikin dawa, ganye yana yankar fuskarta, tana jin numfashinsa a bayanta. Ta yi tuntuɓe da kunyar gona, ta tashi, ta hango tsohuwar tirelar da aka yar a gefen gona, ta kama ƙarfen ta haye. Haƙoransa suka kama gefen zanenta suka yage. Ya dafa tirelar da ƙafafun gaba har ta girgiza, fuskarsa dab da tata. Sai ya tsaya. Ya shinshina ƙafarta, ya yi wani ɗan kuka siriri, irin na kare da aka daka, ya sauka ya koma cikin dawa yana waiwaye. Ya gane ta, amma bai dawo ba.

To a nan ne mai hankali zai nufi gidan Bappa Audi, wanda tsakaninsa da nasu bai fi taku arba'in ba. Ramla ba ta je ba. Ta ce wa kanta ai muryarta ce ta yi rawa, gobe za ta kira da kyau. Ta ce ai ta yi rantsuwa. Duka gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar da ba ta faɗa wa kanta ba sai daga baya: daɗi take ji ita kaɗai ta sani. Tana hango ranar da za su shigo gida tare, ita da yayanta, da wani sirri a tsakaninsu wanda ko Inna ba ta da rabo a ciki. Yarinta ce, amma yarinta mai tsada.

Ranar Alhamis gari ya waye da hayaniya. An shiga garken Jibril mai shago an kashe raguna biyu, an ja ɗaya har bakin gona. Tsofaffi suka ce rabon da a ga kura a wannan yanki tun kafin a kawo lantarki. Kafin hantsi ya ɗaga maza sun taru a gindin gawo da sanduna da gatura da karnuka, Jibril kuma ya fito da bindigar da kowa ya san yana da ita amma ba a zancenta. Aka shirya cewa bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, za a kewaye gonakin dawa a koro dabbar zuwa bakin ruwa.

Ramla ta riga su. Ta sami bututun ba kowa. Ta yi ta yawo cikin gonaki a tsakar rana tana kiran sunan har muryarta ta dushe. Sau ɗaya ta hango shi a inuwar wata bagaruwa, ta matsa har tana ganin tsagar kunnen, ta kira shi cikin natsuwa, ba rawar murya ko kaɗan. Ya ɗaga kai ya kalle ta kamar yadda ake kallon baƙo, ya tashi ya shige. Jiya ya gane ta, yau bai gane ta ba. Sai a lokacin tsoro na gaske ya kama ta.

Ana sallame la'asar ta faɗa rumfar Bappa Audi ba ko sallama. Tsohon yana zaune yana hura garwashin jabana, 'yar tukunyar dafa gahawa. Ta zube a gabansa ta kwashe komai ta faɗa masa, kuka yana sarƙe ta. Kofin da ke hannunsa ya suɓuce.

"Tun yaushe?"

"Tun Talata, Bappa."

"Talata! Inna lillahi. Ke ɗiyag ga, mi kika yi haka? Wa ya ce maku kowane jini? Uwa na ce! Wadda ta haihe shi, ita kaɗai. Ko ni na kira shi sau dubu, banza ne."

Uwa. Inna Mero, wadda ko a takardar makaranta in aka ce ta faɗi sunan sai ta tura a tambayi maƙwabta.

Da suka shiga gida, Ramla ta zaci Inna za ta faɗi sumammiya in ta ji. Ba ta faɗi ba. Ta saurara har ƙarshe da tsintsiya a hannu, ta jingine tsintsiyar a bango, ta yafa mayafinta.

"Ɗaura ma jaki karo," kawai ta ce.

Suka hau karon, wato amalanken jaki, su uku, Ramla riƙe da linzami, Bappa Audi a baya yana riƙe da rawaninsa. Hanyar bakin tur'a duk ramuka ce, karon yana tsalle kamar zai watse, Ramla tana zuba wa jakin bulala, abin da ba ta taɓa yi masa ba. Rana ta yi ja ta sauko kan dawa. Daga nesa suna jin haushin karnuka da bugun garewani da ihun maza, sautin yana matsowa wajen kubri, ƙaramar gadar da ta haye ruwan. Ramla ta saci kallon mahaifiyarta. Leɓunanta suna motsi ba sauti, kamar mai bitar karatu. Da suka haɗa ido sai ta daina.

Saura kaɗan su isa ƙafar karon ta faɗa rami, sandar karon ta karye, suka zube gefe. Inna Mero ce ta fara tashi. Ramla ba ta taɓa ganin ta tana gudu ba sai ran nan, mayafi yana jan ƙasa, ƙafa ba takalmi.

Sun tarar an riga an ritsa Muzammil a kan gadar. Maza sun tare gaba da baya, sun fi arba'in, har da liman da dattawan unguwa da surukan gidansu. Karnuka uku suna kai masa cizo, ya kama ɗaya ya wurga cikin ruwa. Jini yana zuba daga cinyarsa. Jibril ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya yana saiti, yana ce wa mutane su kauce.

Ramla ta kutsa ta tsakiyar maza ta faɗa kan bindigar da dukan jikinta. Harsashin ya tashi sama, tsuntsaye suka watse daga cikin dawa.

"Ke! Kin haukace?" Jibril ya hankaɗe ta. "Ya jama'a, ku riƙe yarinyag ga!"

"Ba kura ba ce! Yayana ne! Wallahi yayana ne!"

Bappa Audi ya iso yana haki, ya ɗaga sandarsa. "Kowa shi tsaya! Ɗan Alhasan ne. Ku ba uwatai hanya."

Maza suka dare. Inna Mero ta taka kan gadar ita kaɗai, har ta kai inda in ya yi tsalle ɗaya zai same ta. Ya sunkuyar da kai, gashin bayansa a tsaye. Rabin rana ya riga ya nutse.

"Inna, ki kira shi!" Ramla ta yi ihu. "Sunanshi, Inna!"

Inna Mero ta buɗe baki. Sai ta ɗaga ido, ta ga liman. Ta ga dattawa. Ta ga Bappa Audi, yayan mijinta, mutumin da shekara ashirin ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, yana tsaye ya zuba mata ido. Idanu tamanin a kanta. Hannunta ya kai ga mayafi ya ja shi ya rufe rabin fuska, da kansa, ba da shawararta ba.

"Yayan Ramla," ta ce a hankali. "Taho gida."

Dabbar ta yi gurnani ta ja da baya.

"Ba haka ba, Inna! Sunan!"

"Ɗana..." Muryarta ta karye. Ko wannan kalmar ba a taɓa jin ta a bakinta ba. Ta sake buɗe baki, leɓuna suka haɗu za su fara, suka tsaya a nan suna rawa.

Bappa Audi ne ya fara gane abin da ke faruwa. Ya juya wa Inna Mero baya da sauri yana daka wa mutane tsawa. "Ku juya! Kowa shi juya baya, ku toshe kunnuwanku! Ku juya na ce!" Maza suka fara juyawa, wasu suna tambayar dalili, wasu suna tsoron ba kura baya. Kafin na ƙarshensu ya juya, jan da ke kan ruwa ya dushe.

"Muzammil!"

Da ƙarfi Inna Mero ta faɗe shi, har ya amsa a ƙetaren tur'a. Ramla ba ta taɓa jin an faɗi sunan da daɗi haka ba. Kuma a daidai lokacin, daga can cikin gari, lasifikar masallaci ta ɗauki kiran magariba.

Muzammil ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallon matar da ke gabansa, kunnen nan mai tsaga yana motsi. Ramla ta riƙe numfashi tana jiran ta ji ƙarar ƙasusuwa. Inna Mero ta miƙa hannu biyu tana maimaita sunan, sau uku, sau biyar, ba ta ƙara damuwa da wanda ke ji ba. Ya matso taku ɗaya, ya shinshina yatsunta. Daga nan ya juya, ya tsallake ƙarfen gadar ya faɗa ruwa. Suka ga kansa yana yanka ruwan har ya kai ɗaya gaɓar, ya hau yana ɗingishi, ya shige cikin dawar ƙetare. Ba wanda ya bi shi. Jibril ya zauna a ƙasa ya ajiye bindigar a gefe, ya rufe fuska da hannu.

A ƙasa suka koma gida, jakin yana biye da su da karyayyen karo. Mata sun fito ƙofar gidaje, da suka ga fuskar Inna Mero sai suka koma ciki.

Inna Mero ta yi alwala ta yi sallah. Ramla tana rakuɓe a bakin ƙofar ɗaki, tana jiran duka, ko zagi, ko tsinuwa ma, duk wanda ya zo za ta karɓa da hannu biyu. Inna Mero ta shafa addu'a, ta zauna a kan dardumar ba ta naɗe ba.

"Ramla."

"Na'am, Inna."

"Ranar da kika ce mani ya bi motar albasa, kin sani?"

"Na sani."

"Da kika ɗauki hura jiya, wurinshi kika kai?"

"Wurinshi."

"Ke kaɗai? Ba kowa a wurin?"

"Ba kowa, Inna. Shina cikin bututu, shi ɗaya."

Inna Mero ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Ni na yi nawa laihin, ban ɗora maki shi ba. Bakina ne ya ƙi, a gaban Allah zan amsa. Amma da kin hwaɗa mani jiya, da mun tahi mu biyu. In ce ki tsaya nesa. In shiga ni ɗaya, ba liman, ba Bappanku, ba idon kowa." Ta share fuska da gefen mayafi. "Da na iya, Ramla. Wallahi da na iya. Kullum in kun yi barci ina hwaɗin sunanshi."

Ramla ta buɗe baki ta ce ya sa ta rantsuwa ne, ta ce tsoron hawan jinin ne. Sai ta fasa, don ta san ba ita ce dukan gaskiyar ba, kuma ta san Inna ma za ta gane.

"Na so a ce ni na maido shi," ta ce.

Inna Mero ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta matsa gefe a kan dardumar, ta bar mata wuri.

"Ke ma ba ki yi magariba ba," ta ce. "Tashi ki yi alwala."